Yadda Kare da Kyanwa Suka Sami Likita

Baƙon da ya sauka a Landan ko wani babban birni na Amurka, in ya leƙa asibitin dabbobi na unguwa, zai tarar da mutane zaune suna jiran layi, wannan da karensa a ɗaure, waccan da kyanwarta cikin kwando. Galibin dabbobin nan lafiyarsu ƙalau. An kawo su ne domin a auna nauyinsu, a duba haƙoransu, a yi musu allurar rigakafi, a kuma rubuta musu maganin tsutsa da na ƙuma. Sau da yawa baƙon yakan ɗauka cewa wannan sangarta ce kawai ta mutanen da suka ƙoshi, ba kuwa za a ce babu ƙanshin gaskiya cikin zaton nasa ba. Amma wanda ya bi diddigin al'adar zai ga cewa tsoro ne mafarinta, watau tsoron ciwon haukan kare, wanda har yau ɗin nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi.

TSOHON TSORO

Kusan shekara 4,000 da suka wuce, a daular Eshnunna, cikin ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu, an rubuta wata doka a kan allon yumɓu. Dokar ta tanadi cewa idan kare ya haukace, hukuma ta sanar da mai shi, shi kuwa bai tsare shi ba har ya ciji mutum ya mutu, to, mai karen zai biya diyyar shekel 40 na azurfa, in kuwa bawa ne ya mutu, shekel 15. Ashe tun a wancan zamani mutane sun gane cewa daga bakin kare cutar take fitowa, kuma alhakin tsare ta yana wuyan mai kare.

Likitocin Girka da na Rum sun yi rubutu a kanta. Ibn Sina ma ya bayyana alamunta cikin littafinsa Al-Ƙanun, har da yadda majiyyaci yake firgita da ruwa alhali ƙishirwa tana cinsa. Abin da ya ɓoyu gare su shi ne hanyar da cutar take bi cikin jiki. Ƙwayarta tana cikin yawun dabbar. In ta shiga ta wurin cizo, sai ta kama jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, tana hawa sannu a hankali, tafiyar da takan ci wata ɗaya zuwa uku, wani lokaci ma fiye da haka. Miki ya warke, mutum ya manta, sa'an nan zazzaɓi ya zo. Abin da aka dogara da shi ƙarni bayan ƙarni shi ne lalas, watau a ƙone wurin cizon da jan ƙarfe. An ce Louis Pasteur kansa, yana ɗan shekara 8 a garin Arbois na Faransa cikin 1831, ya shaida yadda aka kai mutanen da mahaukacin kyarkeci ya ciza maƙera aka yi musu haka, bai kuwa manta ba har tsufansa.

DOKI DA SANIYA NE A GABA

Makarantar likitocin dabbobi ta farko a duniya an kafa ta ne a birnin Lyon na Faransa cikin 1761, bisa ƙoƙarin Claude Bourgelat, wani gwanin hawan doki. Ta Landan ta biyo baya cikin 1791. Doki ne abin hawan yaƙi da na sufuri a lokacin, saniya kuwa ita ce dukiya, ga shi ciwon bushiya yana share garkunan Turai. Saboda haka waɗannan biyu aka sa a gaba. Kare an bar shi ga mafarauta da masu kiwon karnukan sarakuna, kowa da nasa laƙani. Kyanwa kuwa ba a ma zancenta.

A farkon ƙarni na 19 waɗansu mutum biyu a Landan, Delabere Blaine da William Youatt, suka shiga jinyar karnuka gadan-gadan. Blaine ya wallafa littafi a kan cututtukan kare cikin 1817, Youatt kuma ya fitar da nasa a kan haukan kare cikin 1830. Abokan sana'arsu sun ɗauki aikin nan ƙasƙanci ne, domin a zamanin a kira mutum likitan kare ba yabo ba ne.

ZOMAYEN PASTEUR

Daga makarantar Lyon ɗin nan dai haske ya fara ɓullowa. Cikin 1879 wani malaminta, Pierre-Victor Galtier, ya nuna cewa ana iya sa wa zomo ciwon haukan kare, zomo kuwa ya fi mahaukacin kare sauƙin tsarewa a ɗakin bincike. Pasteur da mataimakinsa Emile Roux suka ɗora daga nan a birnin Paris. Ba su taɓa ganin ƙwayar da idonsu ba, domin ƙanƙantarta ta fi ƙarfin madubin likita na zamaninsu, amma sun gane cewa a ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya take zama. Sai suka riƙa cire lakar zomon da cutar ta kashe, suna rataye ta cikin kwalba mai busasshiyar iska. Kowace rana ƙarfin dafin yana raguwa, bayan kwana 14 ya kusan mutuwa sarai. In aka fara yi wa kare allura da wadda ta fi bushewa, kullum ana matsawa zuwa ga mai ƙarfi, sai jikinsa ya koyi yaƙar cutar. Karnuka wajen 50 aka gwada wa wannan dabara suka tsira.

Ran 6 ga Yuli, 1885, wata mace daga lardin Alsace ta iso da ɗanta Joseph Meister, ɗan shekara 9, wanda kare ya ciza wuri 14 kwana biyu kafin nan. Pasteur masanin kimiyya ne, ba shi da takardar likita, balle iznin taɓa majiyyaci, in kuwa yaron ya mutu shi za a tuhuma. Bayan ya yi shawara da likitoci biyu, ɗayansu, Dakta Grancher, ya riƙe sirinji. Daga ran 6 zuwa ran 16 ga watan aka yi wa yaron allura 13. Bai kamu ba. Ya girma, har daga baya ya zama mai tsaron ƙofar Cibiyar Pasteur, wadda aka buɗe cikin 1888. Asirin nasarar kuwa yana cikin jinkirin cutar: da yake tafiyarta zuwa ƙwaƙwalwa tana ɗaukar makonni, allura takan riga ta shirya jiki.

Sai dai akwai abin lura a nan. Maganin da aka gwada a jikin kare, mutum aka riƙa yi wa shi, bayan an riga an cije shi. Allurai ne masu yawa, masu zafi, masu tsada, wani lokaci ma sukan jawo shanyewar jiki saboda naman ƙwaƙwalwar dabba da ke cikinsu. Karen da yake yawo da cutar kuwa an bar shi yadda yake. An fi shekara 30 a haka.

TAKUNKUMI DA ALLURA

Birtaniya ta bi tata hanya. Da yake tsibiri ce, sai ta dogara ga doka. Daga 1897 Walter Long, ministan aikin gona, ya tilasta sa wa karnuka takunkumi a yankunan da cutar take, ya sa a kama na yawo, ya kuma hana shigo da kare daga waje sai da izni. Masu karnuka suka yi masa ca, dubban mutane suka sa hannu a takardar neman a tuɓe shi, amma bai janye ba. Cikin 1902 cutar ta ƙare a ƙasar. Ta komo cikin 1918 ta hanyar karen da aka shigo da shi a ɓoye daga ƙetare, aka sake murƙushe ta cikin 1922. Duk karen da ya iso ƙasar, daga bisani har da kyanwa, sai ya yi wata shida a killace, dokar da ta zauna har shekarar 2000, sa'ad da aka fara sassauta ta. Abin da ake nema yanzu shi ne shaidar rigakafi: 'yar ƙwayar lamba da ake sa wa dabba a ƙarƙashin fata, da allurar haukan kare, da maganin tsutsa ga kare kafin ya shiga. Wanda zai kawo dabba daga ƙasa kamar Nijeriya ko Ghana sai an gwada jininta bayan allurar, ya kuma jira wata uku.

Ƙasar da ba ta iya rufe iyakarta kamar haka dole ta nemi wata dabara. Jafan ce ta fara juya allurar ga kare kansa. Wajen 1921 masana biyu na ƙasar, Umeno da Doi, suka bayyana allurar da za a yi wa kare sau ɗaya, aka kuwa yi wa karnuka dubbai. Cikin 1950 aka kafa dokar da ta wajabta wa kowane mai kare ya yi masa rajista da allura, kuma tun daga 1957 ba a sake samun dabbar da ta kamu a cikin ƙasar ba. A Amurka, cikin 1948, sa'ad da cutar ta ɓarke a birnin Memphis, wani likitan dabbobi mai suna Ernest Tierkel ya shirya gangami aka yi wa karnuka fiye da 20,000 allura cikin mako guda, annobar ta lafa. Sauran birane suka kwaikwaya, har cikin 2007 aka ba da sanarwar cewa nau'in cutar da ke bin karnuka ya ƙare a Amurka, ko da yake tana nan a jikin jemagu da waɗansu namun daji.

Daga irin waɗannan ayyuka aka fitar da ƙa'idar da ake bi har yau: in an yi wa kare 7 cikin kowane 10 allura a gari, cutar ba ta samun isassun karnukan da za ta bi, sai ta mutu da kanta. Kashe karnukan yawo shi kaɗai ba ya biyan bukata, domin nan da nan waɗansu marasa rigakafi sukan maye gurbinsu.

DA MOTA TA KORI DOKI

Ana cikin wannan, sana'ar likitan dabbobi kanta tana sakewa. Bayan yaƙin duniya na farko mota ta kori doki daga titunan birane, likitocin dawaki suka rasa ciniki. Cikin 1917 wata mace, Maria Dickin, ta buɗe wurin jinyar dabbobin talakawa kyauta a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a unguwar Whitechapel ta Landan. Likitoci sun yi adawa da ita da farko, domin ma'aikatanta ba su da takardar sana'a, amma dogon layin da ke ƙofarta ya nuna musu inda aikinsu na gaba yake.

Babbar mai kashe karnuka a lokacin ita ce cutar distemfa, wadda takan fara da zazzaɓi da majina da kwantsa, ta ƙare da farfaɗiya. Henri Carré na Faransa ya nuna cikin 1905 cewa ƙwayarta irin 'yan mitsitsin nan ce da ba a gani. Cikin 1923 wata mujallar mafarauta ta Ingila mai suna The Field ta buɗe asusun neman taimako, masu karnuka suka zuba kuɗi, aka ɗora wa Patrick Laidlaw da George Dunkin aikin bincike a Mill Hill, arewacin Landan. Sun yi amfani da wata 'yar dabba mai kama da tunku, wadda cutar take kamawa da sauƙi, kafin ƙarshen shekarun 1920 kuwa sun fitar da allurar da ke aiki. Ribar ba ta tsaya ga kare ba. Cikin 1933, a wannan wuri, da irin wannan 'yar dabba, Laidlaw da abokan aikinsa biyu suka fara kama ƙwayar murar nan mai tsanani ta mutane, watau infuluwenza.

Cikin 1978 wata sabuwar cuta, farbo, ta bayyana, mai sa 'yan kwikwiyo amai da zawon jini, cikin shekara biyu kuwa ta gama duniya. Da aka bincika sai aka tarar ƙwayarta 'yar'uwa ce ta kusa ga wata da ke kashe 'ya'yan kyanwa, wadda aka daɗe da samun allurarta. Likitoci suka riƙa yi wa karnuka allurar kyanwa kafin masana, musamman na Jami'ar Cornell ta Amurka, su haɗa tasu.

A haka tsarin da ake bi yau ya haɗu. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo ko ɗan kyanwa allura yana da mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa har ya kai mako 16, domin kāriyar da ya sha a nonon uwa takan hana allurar farko kamawa, ba a kuwa san ranar da za ta gushe ba. Ta haukan kare ana yinta daga mako 12. A da kowace shekara ake sabunta dukkansu. Amma cikin 1991 masana a Jami'ar Pennsylvania suka lura da wani ƙari da ke fita jefi-jefi a wurin da aka yi wa kyanwa allura, bincike kuma ya nuna cewa ƙarfin manyan alluran yana daɗewa. Saboda haka ƙungiyoyin likitoci suka koma ba da shawarar sabunta manyan bayan shekara uku-uku, ta haukan kare kuwa gwargwadon dokar kowace ƙasa.

TSUTSA, ƘUMA DA KASKA

Tsofaffin magungunan tsutsa galibinsu na sa gudawa ne, sau da yawa kuma sun fi wahal da kare fiye da tsutsar. Cikin shekarun 1970 kamfanonin Jamus suka fitar da praziquantel, mai kashe tsutsar nan mai faɗi ta cikin hanji. Shi ne kuma maganin tsargiya da ake raba wa 'yan makaranta a ƙasashen Afirka. Labarin ivermectin ya fi wannan ban mamaki. Satoshi Omura na Jafan ya samo wata ƙwayar halitta cikin ƙasar da aka ɗebo kusa da wani filin wasa, William Campbell na kamfanin Merck a Amurka ya gano ƙarfinta a kan tsutsotsi, aka fara sayar da maganin domin dabbobi cikin 1981. Cikin 1987 aka fitar da shi a matsayin ƙwayar da ake ba kare sau ɗaya a wata, domin hana tsutsar zuciya wadda sauro ke yaɗawa. A wannan shekara dai kamfanin ya yi alkawarin ba da shi kyauta domin yaƙar makantar da ƙudan bakin kogi ke jawo wa mutane a Afirka ta Yamma da sauran wurare. Masanan biyu sun sami lambar Nobel cikin 2015. A tsakiyar shekarun 1990 kuma aka sami magungunan da ake ɗiga wa dabba a ƙeya, su tsare ta daga ƙuma, waɗansu har da kaska, na tsawon makonni.

Ƙarfin magungunan nan shi ya sa takardar likita ta zama dole. Abin da ya yi wa kare daidai yana iya kashe kyanwa: maganin ƙuma na kare mai ɗauke da permethrin guba ne gare ta, ƙwayar farasitamol guda ɗaya ma tana iya halaka ta. Waɗansu jinsin karnukan kiwon tumaki kuma ba sa jure wa ivermectin mai yawa. Birtaniya ta taƙaita jinyar dabbobi ga likitocin da ke da rajista ta dokokin 1948 da 1966, dokar magunguna ta 1968 kuma ta ware waɗanda ba a sayarwa sai da rubutun likita.

INDA AIKI YA RAGE

A Afirka ma saniya ce ta fara samun likita. Ciwon bushiya ne ya sa aka kafa ɗakin binciken dabbobi a Vom, kusa da Jos, cikin 1924, sai cikin shekarun 1950 ya fara haɗa allurar haukan kare. Bushiya an kawar da ita daga doron ƙasa, an ba da sanarwar haka cikin 2011. Haukan kare kuwa yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 daga kare suke kamuwa.

Birnin Injamena na ƙasar Cadi ya nuna cewa abin da aka yi a Memphis yana yiwuwa a nahiyar. Cikin 2012 da 2013 hukumomin ƙasar, tare da wata cibiyar bincike ta Suwizalan, suka bi unguwa-unguwa suna yi wa karnuka allura kyauta, har suka haura kashi 70 cikin 100. Cikin 2014 aka yi wata tara ba a sami kare ko ɗaya mai cutar a birnin ba. Daga baya ta komo tare da karnukan da suka shigo daga waje, abin da ya nuna cewa gari ɗaya ba ya tsira shi kaɗai, kuma gangamin shekara biyu ba ya isa. Meksiko, wadda ta daɗe tana maimaita nata kowace shekara, ta sami shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya cikin 2019 cewa ta kawar da cutar da ake ɗauka daga kare. Burin da hukumomin duniya suka sa a gaba shi ne, kafin 2030 kada a sake rasa rai ta wannan hanya.

Wanda kare ya ciza, abin da likitoci suke umurta shi ne ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya kuma tafi asibiti a ranar, kada ya jira alama, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Alluran da za a yi masa, tare da kuɗin mota da asarar kwanakin aiki, sukan haura dala 100, alhali allurar kare guda 'yan daloli ce kaɗan, a lokacin gangami ma kyauta. An keɓe ran 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu cikin 1895, domin tunawa da wannan cuta, a ranar kuwa ofisoshin dabbobi na ƙasashe da dama sukan fito da allura. Mai karen gadi, da mafarauci, da mai kyanwar da ke tsaron rumbu, duk su ake jira.